Malam-buɗe-littafi a lokacin kaka

Ruwa ya ɗauke. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, yara sun koma makaranta. A watan Oktoba da farkon Nuwamba ciyawa ta soma bushewa, amma tabkuna ba su ƙafe ba tukuna. Lokaci ne mai kyau na kallon malam-buɗe-littafi, domin yana taruwa a wuraren da suka rage da danshi: garka, bakin tabki, gefen rijiya.

Idan ya sauka a kan fure, yakan buɗe fikafikansa, ya rufe, ya sake buɗewa, kamar malami da littafinsa. Daga nan ya sami sunansa.

Jikinsa

Malam-buɗe-littafi ƙwaro ne. Yana da fikafikai 4 da ƴan ƙahoni 2 sirara, masu kai kamar na ashana. Ba shi da haƙora. Bakinsa dogo ne siriri, yana nannaɗe shi kamar gammo, sai ya miƙe shi idan zai tsotsi ruwan zaƙin fure. Da ƙafafunsa yake ɗanɗana ganye. Garin da ke manne wa yatsa idan an taɓa shi, shi ne ke ba fikafikansa launi.

Rayuwarsa

Rayuwarsa mataki 4 ce. Uwa tana saka ƙwai a kan ganye. Tsutsa ta fito, ta yi ta cin ganyen. Idan ta ƙoshi ta girma, sai ta rataye kanta, ta zama kwanso, ba ci ba tafiya. Bayan ƴan kwanaki kwanson ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito, ya shanya fikafikansa, ya tashi.

Uwa ba ta saka ƙwai ko'ina. Kowane iri da tsiron da tsutsarsa take ci. Saboda haka wanda ya san tsiro, ya kama hanyar sanin malam-buɗe-littafi.

Iri uku da ake yawan gani

Na tumfafiya. Fikafikansa na gaba jajaye ne kamar jar ƙasa, bakinsu baƙi da ɗigon fari. A ƙasashen Afirka ta Yamma, fikafikansa na baya sun fi yawan fari. Faɗinsa santimita 7 zuwa 8. Mace tana da ɗigo baƙi 3 a tsakiyar fiffiken baya, namiji yana da 4. Tsutsarsa mai zane ce, baƙi da fari da rawaya. Tana cin ganyen tumfafiya, dafin ganyen ya zauna a jikinta. Tsuntsun da ya taɓa cin irinsa ba ya ƙarawa. Shi ya sa yake tashi a hankali, ba ya gaggawa.

Na tafasa. Ya fi na tumfafiya ƙanƙanta, faɗinsa kamar santimita 6. Namiji fari ne da ɗan tsanwa. Mace fara ce, wani lokaci rawaya. Tsutsarsa tsanwa ce, tana cin ganyen tafasa da rai-ɗore. Yana da sauri ƙwarai. Mazan sukan jeru a kan laka suna tsotso, kamar tumaki a wurin shan ruwa. Wata shekara sukan yi ƙaura da yawa, duka su nufi waje ɗaya.

Na lemu. Shi ne babbansu, faɗinsa ya kai kusan santimita 10. Baƙi ne mai ɗigon rawaya. A fiffikensa na baya akwai zane mai kama da ido. Tsutsarsa tana da dabara: tana ƙarama, kamar kashin tsuntsu take, tsuntsaye su wuce ta. Da ta girma sai ta koma tsanwa kamar ganyen lemu. Idan an taɓa ta, takan fito da ƙahoni 2 masu wari.

Na rana da na dare

Akwai ɗan'uwansa mai yawo da dare, wanda ke zagaya fitila. Shi ne faɗa-wuta. Jikinsa ya fi kauri, ƙahoninsa ba su da kai irin na ashana, kuma idan ya sauka yakan kwantar da fikafikansa. Murzuna, tsutsar da ke ɓarna a zangarniyar hatsi, ƴar wani irin faɗa-wuta ce. Kafin kaka takan sauka ta shige ƙasa, ta kwanta har damina ta dawo.

To, ba kowace tsutsa ce abokiyar gābar manomi ba. Ta tumfafiya ba ta cin hatsi, ba ta cin wake. Ta lemu kuwa tana iya cinye ganyen ƙaramin dashe a garkar makaranta. A nan ba sai an fesa magani ba. A riƙa duba dashen kowace safiya, a tsince tsutsotsin da hannu. Maganin feshi yana kashe ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, ga shi yana da haɗari ga yara.

Yadda ake kallonsa

A fita da hantsi, lokacin da yake shan rana. A yi tafiya sannu, kada inuwar mutum ta faɗa kansa. Ba a kama shi. A tsaya, a duba girmansa da launinsa da yadda yake tashi, a kuma lura da tsiron da ya sauka a kai. A juya ganye, a nemi ƙwai ko tsutsa. Hattara: nonon tumfafiya yana cutar da ido. Wanda ya taɓa ta, ya wanke hannu da sabulu.

A ƙarshen kaka ana ganin tsofaffi da yawa: launinsu ya koɗe, bakin fikafikansu ya yage. Sabon fitowa kuwa launinsa shar yake. Idan hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, sai su ragu. Amma na tumfafiya yakan daɗe, domin tumfafiya ba ta rasa ganye ko da rani.

Kalmomi

malam-buɗe-littafi: le papillon
tsutsa: la chenille
kwanso: la chrysalide
faɗa-wuta: le papillon de nuit
na tumfafiya: le petit monarque
na tafasa: la piéride du cassier
na lemu: le voilier des citronniers

Tambayoyi

1. Mene ne matakai 4 na rayuwar malam-buɗe-littafi?
2. Me ya sa tsuntsaye ba sa cin na tumfafiya?
3. Ta yaya ake bambanta malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta?
4. Me za a yi idan tsutsa ta kama dashen lemu?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi tsiro ɗaya kusa da makaranta. Ya duba shi kwana 7 a jere. Ya rubuta a kayensa rana da lokaci da abin da ya gani, sannan ya zana shi.