Bindigar Gado: Gyara Ko Ɓatawa?

Duk wanda ya taɓa kallon Hawan Daushe a Kano ya san ƙarar bindigogin toka da hayaƙin albarushi da ke tashi gaban Sarki. Da yawa daga cikin bindigogin nan gado ne, uba ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika.

Al'adar ta daɗe. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, an shigo da bindigogi birnin, kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa.

Matsalar da ke damun magada ita ce ƙarfe yana tsufa. Tsatsa takan ci bututun bindiga daga ciki, inda ido ba ya gani, ran da aka ɗura albarushi sai ya fashe a hannun mai harbi. Haka kuma garin harsashin zamani ya fi ƙarfin tsohon bututu, zuba shi ciki ganganci ne.

Saboda haka wasu sukan kai wa maƙeri ya sake kome: sabon bututu, sabuwar ƙota, a kankare, a shafa fenti. Bindiga takan dawo tana sheƙi, amma layun da kaka ya ɗaura, da fatar da dukawa suka naɗe ta da ita, da gurbin da hannunsa ya sassaƙa a jikin itacen, duk sun tafi. An yi gyaran gangar auzinawa ke nan.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a gyara abin da ya shafi rai, kamar kunama da bututu, a adana tsohon da aka cire, a ƙyale abin da ke ɗauke da tarihi. In bindiga ta gaji ƙwarai, a shafe ta da mai a rataye, a nemi wata don hawa.

Sai dai magada su tuna, Dokar Makamai ta 1959 ta tanadi lasisi ko ga bindigar toka, kuma maƙerin da zai gyara ta sai da izinin hukuma. Gado ba ya ɗauke wa kowa wannan.