Idan Kafso Ya Daina Ci

Shirinmu na yau zai bi hanyar Zariya ne, mu sauka a Kwanar Gafan, mu leƙa Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya mai da rani lokacin aiki.

Manomin tumatir a wannan yanki bai manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye gonaki. An yi feshi, an ƙara feshi, an canza magani, tsutsa ko gezau. To, abin da ya faru da ganyen tumatir yana faruwa a jikin ɗan Adam, a kan gadajen asibiti. Ƙwayoyin cuta na bakteriya sun koyi bijire wa magungunan da a da suke kashe su.

Daga ina matsalar take farawa? Sau da yawa daga kemis ɗin unguwa. Mai aikin rani ya taso daga gona, jiki na ciwo, ciki na murɗawa. Ba ya da lokacin bin layi, don ranar ban ruwa ba ta jira. Sai ya ce, "A haɗa mini na ɗari biyar." A zuba masa ja da yalo guda huɗu, a ƙara da falajin, a ƙulle a leda. Ya sha kwana biyu, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran don wata rana. Ƙwayoyin da ba su da ƙarfi sun mutu. Masu taurin kai sun tsira, sun hayayyafa, har suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Haka mai jego za ta ɗura wa jariri Ampiclox alhali lafiyarsa ƙalau, wai rigakafi. Haka mai kaji zai zuba kafso a ruwan sha. Kuma mura, wadda aka fi sha wa waɗannan magunguna, ba bakteriya ke kawo ta ba. Asarar kuɗi ce kawai.

Ba na ɗora wa manomi laifin duka. Wanda gwajin asibiti ya fi ƙarfin aljihunsa, kemis ne asibitinsa.

Amma ranar biyan bashi tana zuwa, kuma a asibiti ake biyansa. Tsakanin 2015 da 2017, wani bincike mai suna BARNARDS, ƙarƙashin Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, ya bibiyi jarirai masu cutar da ta shiga jini a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya. Asibitin Murtala na Kano yana cikin wuraren da aka yi aikin. An gano cewa fiye da rabin wani babban rukuni na ƙwayoyin ba sa jin ampicillin da gentamicin, wato alluran farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa irin waɗannan jarirai. Ƙwayar Klebsiella ce kan gaba. Tana maƙalewa a hannu, a robar ƙarin ruwa, a jikin gado, ta tashi daga wannan jariri zuwa wancan.

Ku duba halin da likita ke shiga. Kafin a shuka jinin a ɗakin gwaji, ƙwayar ta tsiro, a san maganin da zai ci ta, sai an kwana biyu ko uku. Jaririn kwana biyar ba ya da wannan lokacin. Dole likita ya yi hasashe, idan allurar farko ta ƙi, a koma mai tsada irin su meropenem, wadda sai uba ya sayar da buhun shinkafa, wani lokacin ma fiye.

Mujallar Lancet ta wallafa a 2022 cewa wannan matsala ta bijire wa magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya a 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Najeriya ta fitar da tsarin yaƙi da ita tun 2017 ta hannun hukumar NCDC. Tsari a takarda alheri ne, sai dai abin da ɗakin haihuwa na karkara yake buƙata shi ne famfo mai ruwa, da sabulu, da ɗakin gwaji kusa, yadda ba sai an ɗauki jini an kai birni ba.