Gargaɗi ga Masu Ciwon Waswasi: Kada Ku Haɗa Ƙwayar Amino da Maganin Asibiti

Jama'ar Funtua, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Ɗandume, ku saurara. Idan akwai mai ciwon waswasi a gidanku, ku tashi ku duba abin da yake sha. Yau za ku duba, kada ku bari sai gobe.

Kun san ciwon. Shi ne wanda zai yi alwala ya sake, ya sake, har ruwan buta ya ƙare, liman ya sallame yana nan tsugune. Ita ce mai wanke hannu har fata ta tsattsage. Shi ne mai rufe shago ya kama hanya, ya dawo ya jijjiga kwaɗo, ya tafi, ya kuma dawowa. Likitoci na kiransa OCD. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Sai dai maganin ba ya gaggawa. Fluoxetine, sertraline ko clomipramine, duk wanda likita ya rubuta, yakan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa sosai. A tsakanin nan haƙuri ke ƙarewa. A tsakanin nan wani zai turo hoton kwalbar ƙwayar amino ta WhatsApp, ko mai talla ya ce: "Alhaji, wannan ba magani ba ne, abinci ne. Ba ya illa." Kaka ta yi, an sayar da masara da waken suya, kuɗi na aljihu. Sai a saya.

Ɗan'uwa, ɗauko kwalbar nan ka karanta. Ka ga an rubuta tryptophan? Ka ga 5-HTP? To ajiye ta. Kada ka ƙara haɗiyar ko ɗaya sai likitanka ya gani.

Ga dalili. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna serotonin. Maganin asibiti yana sa ya daɗe yana aiki. Su kuma tryptophan da 5-HTP, da su jiki ke haɗa serotonin ɗin. Ka sha wannan, ka sha wancan, sinadarin na iya yin yawa ya zama guba. Duk manomi ya san taki na gyara masara, ya kuma san abin da ke faruwa idan aka zuba yuriya fiye da ƙima a gindinta.

Za a ce maka daga itace aka samo 5-HTP. Gaskiya ne. Ana tatso 5-HTP daga 'ya'yan wata shuka mai suna Griffonia, wadda ke fitowa a Ghana da Kwaddebuwa. To sai me? Zaƙami ma shuka ne.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali: tiramol. Kowa ya san yadda wasu 'yan ƙwadago ke haɗiyarsa don su jure noma da girbi. Shi ma tiramol yana ɗaga serotonin. Haka wasu magungunan tari masu ɗauke da dextromethorphan. Ka duba matashin da ke shan maganin waswasi da safe, ya haɗiyi tiramol kafin ya shiga gona, ya sha ƙwayar amino da dare don ya samu barci. Wa ya san yana shan ukun? Likita bai sani ba. Mai kemis bai tambaya ba. Uwa ba ta gani ba.

Alamomin ba sa jira. Sau da yawa cikin 'yan awoyi suke fitowa, galibi kafin kwana ɗaya ya cika. Jiki ya kama rawa. Gumi ya yi ta zuba. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri. Ƙafafu su riƙa fizga da kansu. Zawo. Ƙwayar ido ta buɗe. Mutum ya kasa zama wuri ɗaya, maganarsa ta rikice. Idan abin ya yi tsanani, zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, farfaɗiya, har mutuwa.

Me za a ce a gidanku idan aka ga zazzaɓi da rawar jiki? Cizon sauro ne, a nemo allura. Me za a ce idan aka ga fizge-fizge da sambatu? Iska ce, a kira malam. Ana can ana turare, gubar na ƙaruwa. Da dare ma, ga yadda tsaro yake a hanyoyinmu, sai a ce a bari gari ya waye. Ku yi addu'a, amma ku yi ta kuna kan hanyar asibiti.

Ba yau aka fara jin jiki da ƙwayar amino ba. A 1989 mutane fiye da 1,500 a Amurka suka kamu da wata cuta mai tsananin ciwon tsoka bayan sun sha L-tryptophan. Sama da 30 suka mutu. Bincike ya kai ga kayan wani kamfanin Japan mai suna Showa Denko, hukuma ta janye ƙwayar daga kasuwa. Can ke nan, inda ake da ɗakunan gwaji birjik. Kwalbar da ta zo maka a ledar ɗan aike fa, wa ya gwada ta?

Akwai kuma wata ƙwayar da ake kira NAC. An gwada ta a kan masu waswasi, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Ba ta maye gurbin maganin likita. Kuma lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaida ba ce cewa tana warkar da waswasi. Idan amino kake nema don gina jiki, ga wake, ga awara, ga gyaɗa, ga ƙwai da nono. Abincinmu na kullum ba ya jawo wannan guba.

Kada kuma tsoro ya sa ka jefar da maganin asibiti. Daina shi farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci, waswasin ya dawo da ƙarfi. Ƙwayar kasuwa za ka tsayar, na likita kuma sai da shawararsa.

Iyaye, mazaje, matan gida: ku tattara duk abin da mara lafiya ke sha, da na aljihu da na ƙarƙashin matashi, ku zuba a leda ɗaya. Idan alama ta fito, ku nufi Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi nan take. Don ganin likitan ƙwaƙwalwa, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ku miƙa wa likita ledar. Ku faɗa masa abin da aka sha, nawa aka sha, da ƙarfe nawa. Idan akwai tiramol a ciki, shi za ku fara faɗa.