Barok: asalin adon da magina ke zubawa a gidajen Sabha

A unguwannin Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, ba a rasa gidan da ake ginawa ko ake gyarawa, kuma da yawa daga cikin masu aikin 'yan Nijar ne da 'yan Najeriya. Idan gini ya kai rufi sai a kira mai adon silin. Garin da yake kwaɓawa Larabawa na kiransa jibis, a Nijar ana cewa staf, a Najeriya kuma fi'ofi. Mai gida zai miƙo waya ya nuna hoton abin da yake so: ganyaye masu nannaɗewa a kusurwa, ƙaton fure a tsakiya inda fitila za ta rataya, ginshiƙai biyu a bakin falo, a bi gefensu da ruwan zinariya. Mai aiki ya zuba a mazubi, ya manna, ya karɓi kuɗinsa, ba tare da an tsaya tambayar inda zanen ya samo asali ba.

Adon nan kuwa jikan wani salon gini da zane ne da ake kira Barok. Ya taso a birnin Rum na Italiya wajen shekarar 1600, ya yi tashe na kusan shekara 150 a Turai, ya ƙetare teku zuwa Brazil, daga can kuma ya iso gaɓar Afirka ta Yamma a hannun 'yantattun bayi. A cikin tarihin tafiyar nan akwai sawun Hausawa.

Mafarin salon

Masana da dama na danganta sunan da wata kalma ta harshen Fotugal mai nufin lu'ulu'un da bai fito da kyakkyawar siffa ba. Da farko suka ce: masu sharhi na ƙarni na 18 sun laƙaba sunan ga ginin da suke gani adonsa ya wuce gona da iri. Sai daga baya ya zama sunan zamani guda a tarihin fasaha.

Rikicin addini ne ya haife shi. A 1517 wani malamin coci Bajamushe, Martin Luther, ya fito ya ƙalubalanci Fafaroma, kuma cikin 'yan shekaru ƙasashe da dama na arewacin Turai suka ɓalle daga ɗariƙar Katolika. Wasu daga cikin waɗanda suka ɓalle sun kwashe hotuna da gumaka daga majami'unsu, suka bar bango fari fat. Shugabannin Katolika suka yi babban taro a garin Trento daga 1545 zuwa 1563, inda suka yanke cewa hotuna za su ci gaba da zama a coci domin su koyar da jama'a, su kuma motsa zukata. Akasarin mutanen lokacin ba su iya karatu ba. Don haka aka nemi ginin da manomi zai shiga ya ɗaga kai, jikinsa ya yi sanyi tun kafin mai wa'azi ya buɗe baki. Kowace alama ta Barok wannan buƙata take biya.

Yadda ake gane shi

A kan wani tudu a gefen Sabha akwai tsohon sansanin soja da Italiyawa suka gina a zamanin mulkin mallaka, wanda Faransawa suka raɗa wa sunan Leclerc bayan sun karɓe Fezzan a 1943. Bangonsa miƙaƙƙe ne mai kauri, kuma duk inda mutum ya tsaya abu ɗaya yake gani. Wanda ya riƙe wannan hoto a ransa zai yi saurin gane Barok, domin kishiyarsa ne.

Alama ta farko ita ce motsi. Maginin Barok ba ya barin layi ya miƙe idan zai iya lanƙwasa shi. Francesco Borromini ya soma wata ƙaramar majami'a a Rum a 1638, San Carlo alle Quattro Fontane, wadda fuskarta ke shiga tana fitowa kamar tabarmar da iska ta ɗaga, kubbarta kuma mai siffar ƙwai ce. A cikin babbar majami'ar Saint Pierre, Gian Lorenzo Bernini ya kafa rumfar tagulla mai tsawon kusan mita 29 a kan ginshiƙai huɗu murɗaɗɗu kamar igiya.

Ta biyu ita ce wasa da haske da duhu. Mai zane Caravaggio, wanda ya rayu daga 1571 zuwa 1610, yakan cika hotonsa da duhu, sannan ya saki haske ɗaya daga gefe ya faɗa kan fuska ko hannun da yake so a kalla. Talakawan titi yake sa wa su zauna ya zana su a matsayin waliyyai, da ƙurar ƙafarsu da tsagar rigarsu, don mai kallo ya ga irinsa a cikin labarin. Magina ma sun koyi ɓoye taga a bayan ado, haske ya sauko ba a ga inda ya fito ba.

Ta uku ita ce ruɗin ido. A majami'ar Sant'Ignazio da ke Rum, kuɗin gina kubba bai samu ba, sai Andrea Pozzo ya zana ta a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle a 1685. Akwai alama a daɓen ƙasa: wanda ya tsaya a kanta ya ɗaga kai zai rantse kubba ce ta gaske, idan ya gusa gefe sai asiri ya tonu.

Ta huɗu ita ce haɗa sana'o'i wuri guda. Magini, mai sassaƙa, mai zane, mai zubin farar ƙasa da mai shafa zinariya suna aiki ne kamar hannu ɗaya, har a kasa gane inda bango ya ƙare da inda hoto ya soma. Haka girman wurin ma saƙo ne. Dandalin Saint Pierre da Bernini ya tsara daga 1656 zuwa 1667 yana da ginshiƙai 284 a jere huɗu, sun zagayo ta dama da hagu kamar hannuwa biyu da ke rungumar taron jama'a.

Daga coci zuwa fada da masallaci

Sarakuna sun ga abin da salon ke yi wa zuciya, suka ɗauke shi don kansu. Sarkin Faransa Louis na 14 ya mayar da fadarsa Versailles a 1682. Zauren madubai na wannan fada yana da tsawon mita 73 da madubai 357, a lokacin da madubi ɗaya babba dukiya ne. Jakadan da ya taka zauren nan daga farko zuwa ƙarshe ya riga ya san matsayinsa kafin ya kai gaban sarki. A zamanin Louis na 15 salon ya haifi ƙaninsa Rokoko, mai siraran ganyaye da launi mai laushi. Daga wannan reshe ne kujeru da gadaje masu sassaƙa da ruwan zinariya suka fito, irin waɗanda kafintocin Dumyat na Masar suka shahara da su, suke kuma cika falo da ɗakin amarya daga Libiya har ƙasar Hausa.

Salon ya matso kusa da Libiya ta teku. Caravaggio ya zauna a tsibirin Malta a 1607 da 1608, kuma babban zanensa yana nan a majami'ar Saint Jean ta birnin Valletta. Bayan girgizar ƙasar 1693 an sake gina garuruwan kudu maso gabashin Sisili, irin su Noto, gaba ɗaya da wannan salo.

Daular Usmaniyya, wadda ta riƙe Tarabulus tun 1551, ita ma ta karɓa. An soma masallacin Nuruosmaniye na Santanbul a 1748 aka gama a 1755, da haraba mai lanƙwasa da tagogi masu yawa. A nan aka ga yadda Musulmi suka tace salon: suka ajiye hoton mutum da gunki, suka riƙe lanƙwasa, haske da ganye, suka ƙara rubutun ayoyi. A tsohon birnin Tarabulus, masallacin Gurji na 1834 yana nuna irin wannan cuɗanya ta ginshiƙan marmara, tayil mai furanni da sassaƙar jibis.

Hanyar Bahia

Hanya mafi tsawo ita ce wadda ta bi ta Brazil. 'Yan Fotugal sun cika birnin Salvador na jihar Bahia da majami'un Barok, ciki har da ta São Francisco wadda aka lulluɓe cikinta da sassaƙaƙƙen katako mai ruwan zinariya. Bayi da 'yantattu baƙar fata sun yi aiki mai yawa a irin waɗannan gine-gine a matsayin magina da kafintoci, har wata ƙungiyarsu ta gina majami'arta, Rosário dos Pretos, a ƙarni na 18.

Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa cikin bauta, aka gangara da su bakin teku, jiragen ruwa suka kai su Bahia. Ba su zauna shiru ba. Hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a 1807, an yi wani boren a 1809, sannan babba a 1814. A watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, Musulmin Salvador, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi tawayen da ake kira na Male. An murƙushe shi, aka kori 'yantattu da dama zuwa Afirka, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu. Komowar ta ci gaba har bayan soke bauta a Brazil a 1888. A Legas da Porto-Novo ana kiran waɗannan mutane Aguda, a Akara kuma Tabom.

Sana'a suka dawo da ita a hannu. A Legas, attajiri Muhammad Shitta ya ɗauki nauyin wani masallaci da maginin Aguda João Baptista da Costa ya jagoranci aikinsa. An buɗe shi a 1894, kuma Sarkin Musulmin Santanbul Abdulhamid na 2 ya aiko wakili da sarautar Bey ga mai masallacin. Babban masallacin Porto-Novo, wanda aka gina a farkon ƙarni na 20, ya ɗauko fasalin majami'un Salvador: hasumiya biyu, goshi mai lanƙwasa, furannin farar ƙasa da launuka masu haske. Salon da aka ƙirƙiro don kare ɗariƙar Katolika ya zama tufar masallaci a hannun zuriyar bayi. Duk Bahaushen da fatauci ya kai Legas ko Porto-Novo ya gifta gaban waɗannan gine-gine, yana gifta wani yanki ne na tarihin da danginsa suka shiga.

Abin da ake asara

Gine-ginen na raguwa. An rushe tsohon babban masallacin Legas mai wannan fasali, aka buɗe sabo a gurbinsa a 1988. A 2016 aka rushe gidan Ilojo na tsakiyar Legas, duk da cewa yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Ƙasa ta yi tsada a birane, kuma wanda bai san darajar abu ba ba ya jin zafin rabuwa da shi.

Irin wannan asara na samun adon Hausa ma, wanda asalinsa daban ne da Barok. Babban Gwani Mikaila ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara wajen shekarun 1830, da bakuna masu riƙe rufi da zane a jikin ginshiƙai. Gidajen Birnin Damagaram, da dagi a goshi da zanko a kusurwa, suna sanar da mai wucewa matsayin mai gida tun daga ƙofar zaure. Maginan da suka yi su sun san dalilin kowane layi, kamar yadda Borromini ya san nasa.

Sanin dalilin nan shi ne amfanin tarihin Barok ga mai adon silin a Sabha. A wurin gwanayen salon, ado yana bin haske, yana kuma jan ido zuwa wuri ɗaya da aka zaɓa, ko mumbari ko kujerar sarki. Idan aka cika kowane lungu da fure, ido ya rasa inda zai sauka, ɗaki ya ƙuntata, ƙurar Sahara kuma ta sami maɓoya. Mai aikin da ya fahimci haka zai fara duba tsayin rufi da inda taga take kafin ya kwaɓa jibis, zai iya ba mai gida shawarar abin da za a rage, kuma ranar da ya koma Damagaram ko Kano zai iya zuba dagi a mazubin da ya saba zuba ganyen Rum.