Gubar fumfuna a saiwoyin magani: abin da tafasawa ba ta kashewa

Idan ka sayi ƙullin saiwar rawaya ko ta sanya a kasuwa, tambayar da kake yi wa mai magani ita ce ko saiwar ta gaske ce, kuma yaya ake sha. Da wuya ka tambaye shi a ina aka shanya ta, ko wata nawa ta yi a buhu. Alhali amsar waɗannan tambayoyi biyu na iya raba magani da guba.

Saiwa a cikin ƙasa take rayuwa, ƙasa kuwa gidan fumfuna ce. Akwai wani nau'i mai suna Aspergillus flavus da ɗan'uwansa Aspergillus parasiticus, waɗanda ƙwayoyinsu ke manne da saiwa tun ranar da aka haƙo ta. Ga saiwa da kauri, ba kamar ganye ba. Bayanta zai bushe ƙayau, cikinta na nan da ruwa. A zuba ta a buhun leda a jingine a ɗaki mai zafi da damina, to an haɗa wa fumfunar duk abin da take so: sitaci, laima da ɗumi na wajen digiri 30. Tana ci tana fitar da wani sinadari da ake kira afalatoksin.

Ba a san da wannan guba ba sai a 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Da aka bi diddigi, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Barazil. Mafi muni a dangin shi ne wanda ake kira B1, harafin kuwa ya samo asali ne daga shuɗin hasken da yake bayarwa idan an haska shi da fitila ta musamman a ɗakin gwaji. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa afalatoksin a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam.

Hanta ce ke shan wahalar, kuma yadda abin ke faruwa akwai ban mamaki. Aikin hanta ne ta sarrafa duk baƙon sinadarin da ya shigo jiki domin a fitar da shi. To garin sarrafa B1 sai ta mayar da shi wani abu da ya fi shi haɗari, wanda ke liƙe wa ƙwayoyin gado na hantar kanta. Wurin da ya fi yi wa ɓarna shi ne wani ƙwayar gado mai suna p53, wanda shi ne birkin da ke hana ƙwayoyin jiki hayayyafa barkatai. Birki ya tsinke, sauran labarin ka san shi. Idan mutum ya ci da yawa a lokaci guda, hantar na iya tsayawa cikin kwanaki, kamar yadda ya faru a gabashin Kenya a 2004, inda gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Amma wanda ya fi yawa shi ne na kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, babu alamar komai.

Nan ne abin ya fi shafar mu. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, idan afalatoksin ya haɗu masa da shi, haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sau da yawa fiye da na kowannensu shi kaɗai, ga shi ciwon ya yi yawa a Najeriya da Nijar. Yanzu ka tuna wa ake jiƙa wa rawaya. Mai shawara, wanda idonsa ya riga ya yi ɗorawa, wato wanda hantarsa ke neman agaji. Idan saiwar ta yi fumfuna, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya sha ta.

Akwai kuma okaratoksin A, wadda ita ƙoda take taɓawa. Ta yi ƙaurin suna a saiwar likoris, har Tarayyar Turai ta yanka mata iyaka ta musamman.

"Ai tafasawa muke yi," in ji mutane da yawa. Tafasa na kashe fumfunar, amma gubar da ta riga ta zuba tana nan. Afalatoksin ba ya rushewa sai zafi ya haura digiri 200 nesa ba kusa ba, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Abin da ya ɗan rage wa mai jiƙo shi ne gubar ba ta narkewa sosai a ruwa, don haka wani kaso ne ke fita. Mai shan gari a kunu ko madara kuwa duka yake haɗiyewa. A ganinmu gari ne ya fi ban tsoro, domin da zarar an daka, baƙin tabo da kore-koren da za su tona asiri sun ɓace. Kankare wurin da ya yi fumfuna ma ba ya wadatarwa, saboda zarurrukanta sun riga sun kutsa ciki.

Ka duba ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya ce B1 kada ya wuce maikirogiram 2 a kilo ɗaya na maganin tsiro. Giram 2 ke nan a tan 1,000, kayan tirela sama da 30. Harshe ba zai ji wannan ba, hanci ma haka, sai na'ura. Cittar Kachia da ake kaiwa Turai da irin wannan awo ake tare ta, iyakarta maikirogiram 5. Wadda ta rage a kasuwar gida, da saiwoyin da ke shimfiɗe a tabarmar mai magani, yawanci babu mai auna su.

Gyaran na wajen shanya. A wanke ƙasa, a tsaga saiwa sirara a ranar da aka haƙo, a shanya a kan gado ko raga, ba a ƙasa ko gefen kwalta ba, a kwashe kafin raɓa. Sai ta karye ƙas idan an tanƙwara sannan ta shiga buhu, buhun ma na algarara, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kai kuma mai saye, nemi saiwa sukutum ka daka da kanka, karya ɗaya ka duba cikinta, ka shinshina. Idan ka ji warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ko ka ga ƙwari sun huda ta, bar ta. Ka sayi daidai na mako biyu, musamman daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ko tufa ma ba ta bushewa a ɗaki.