Haƙorin Farko: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Ya ku iyaye, masu kasa kaya a kasuwannin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Birnin Ƙonni, ga magana kan bakin jaririn da ke goye a baya.

Haƙoran farko sukan ɓullo ne wajen wata 6, galibi biyun ƙasa na gaba, su cika 20 wajen shekara 3. Sau da yawa akan ce ai za su faɗi, don haka ba sai an kula da su ba. Wannan kuskure ne. Wasunsu sai yaro ya kai shekara 11 ko 12 suke fita, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi.

Tun kafin haƙori ya fito, ku naɗa ƙyalle mai tsabta a yatsa, ku jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, ku goge dasashi. Ranar da ya fito kuwa, a koma ga ƙaramin buroshi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, gwargwadon ƙwayar shinkafa ɗaya, safe da dare. Na daren ya fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa a lokacin barci.

Na san halin ranar kasuwa: yaro na kuka, mai saye na jira, sai a miƙa masa alewa, biskit ko bulumbotin shayi mai sukari ya yi shiru. Sukarin da ya wuni a baki shi ƙwayoyin cuta ke mayarwa tsami mai cinye haƙori. Haka nan tauna wa yaro abinci yana kai masa ƙwayoyin bakin babba.

Kada kuma a ɗora wa haƙori laifin kowace cuta. Fitowarsa kan kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi, amma zazzaɓi mai zafi da zawo ba nasa ba ne. A tafi asibiti.

In dasashi ya kumbura, yana jini, baki na wari, musamman ga yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, kada a kwana. Ta haka ciwon noma ke farawa, mai cinye kunci da leɓe cikin 'yan kwanaki. Akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato, amma a matakin farko, magani a asibitin da ya fi kusa da ku yana tsayar da shi.