Cutar Siliyak a Yara: Yadda Kwamfuta ke Taya Likita Ganowa

Siliyak cuta ce da ke sa garkuwar jiki ta far wa ƙaramin hanji duk lokacin da mutum ya ci gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir. Tana kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya. A bangon hanji akwai ƙananan tsirrai sirara, kamar gashin tawul, masu tsotse amfanin abinci. Cutar ce ke cinye su har bangon ya zama sumul. Sai ka ga yaro yana ci amma ba ya ƙiba, ga zawo da kumburin ciki da ƙarancin jini, tsayi ma ya tsaya.

Ana fara bincike da gwajin jini. Sau da yawa sai an zura siririn bututu mai kyamara ta baki a gutsuro ɗan naman hanji, ƙwararre ya duba shi a madubin likita. A nan gizo ke saƙa: ƙwararrun ba su da yawa, kuma wani lokaci ƙwararru biyu kan duba nama ɗaya su saɓa. Bugu da ƙari, yaran da ke tasowa inda babu tsabtataccen ruwa na fama da wata lalurar hanji mai haddasa tamowa, wadda ke kama da siliyak sosai a ido.

Shi ya sa masu bincike sukan loda wa kwamfuta dubban hotunan naman hanjin da aka riga aka san cutarsa, har ta gane alamomin da kanta. A 2019, Dakta Sana Syed ta Jami'ar Bajiniya a Amurka da abokan aikinta sun gwada hakan da hotunan yara daga Amurka da Pakistan da Zambiya. Na'urar ta bambance cututtukan biyu da lafiyayyen hanji daidai sau 93 cikin ɗari. A 2025, wata manhajar masanan Jami'ar Kambirij ta Ingila ta dace sau 97 cikin ɗari wajen gano siliyak.

Duk da haka, aikin na matakin gwaji ne, kuma likita ke yanke hukunci. Maganin cutar shi ne barin gulutin har abada, wato burodi da taliya da gurasa da alkaki. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca ba su da shi. Sai dai kada a hana yaro alkama kafin a gwada shi, domin hakan na ɓoye cutar a gwaji.